Daɓen katako a kan siminti: darasin da damina ta koya mini a Pagala

Wata asuba ce a tsakiyar watan Agustan 2023, ruwa ya kwana yana zuba. Ina alwala sai na ji muryar mahaifina daga ɗakinsa: "Malam, in ka idar ka leƙo, ɗakin nan naka ya ɗauki ciki." Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa, rabi zolaya. Da na shiga da fitila sai na tarar tsakiyar ɗakin ta taso kamar kunyar doya. Katakai uku sun ɗago sun haɗa kai, ƙusoshi sun fito tsirara, ƙofa kuma ta ƙi buɗewa sai da na sa kafaɗa. Wata biyar kacal da gama aikin, ga kuɗin da na tara na kusan shekara guda ya tafi a banza.

Na ga ya dace in rubuta abin da ya faru, domin tun daga lokacin mutane da dama sun tambaye ni, daga nan Pagala har Sokodé da Dapaong, ko katako na zama a kan daɓen siminti a ƙasarmu. Yana zama. Amma sai an bi masa sharuɗɗansa, kuma kusan dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato ruwa.

Abin da ya kai ni

Mahaifina ya haura saba'in. Ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Sokodé da Blitta, da ƙarfi ya ƙare sai na ɗauko shi ya dawo wurina. Na gina masa ɗaki guda a cikin gida, mita 4 a tsaye, mita 4 a kwance, aka zuba daɓen siminti kamar yadda kowa ke yi. Shi kuwa mutum ne na zaman ƙasa. A ƙasa yake cin abinci, a ƙasa yake karatu, a nan yake salla, kujera sai in baƙo ya matsa masa. Da damina ta kankama sai ya fara kukan gwiwa da ƙugu. Na sayi tabarmar roba, na ɗora darduma, duk da haka in ka ɗaga su da safe sai ka ga ƙasan ya yi gumi. Littattafansa da ke cikin adaka suka fara warin funfuna.

Ba na cewa katako maganin ciwon gaɓɓai ne, wannan aikin likita ne. Abin da kowa zai iya gwadawa da tafin ƙafarsa shi ne, siminti na janye ɗumin jiki da sauri, katako kuwa ba ya yin haka, ko da a ɗaki ɗaya suke. Shi ya sa tsoho ke jin siminti har cikin ƙashi. Na ce to, ga mu a ƙasar itacen tek, me zai hana in shimfiɗa masa katako?

Kuskuren farko

Na samu wani kafinta matashi, gwani ne wajen gado da kabad, amma bai taɓa yin daɓe ba, ni ma ban tambaye shi ba. Laifin namu ne mu biyu. Muka sayi katako a wurin masu tsagawa, wanda aka yanka bai fi mako uku ba. Muka ɗauko shi ranar Asabar, ranar Litinin aka fara bugawa. Ya jera 'yan siraran sanduna kai tsaye a kan simintin, ya buga katakan a kansu, ya matse su gam da bango ta kowane gefe don kada ƙura ta samu wurin shiga. Da aka shafa banish ɗakin ya yi ƙyalli, maƙwabta na zuwa kallo. A watan Maris ne, zafi ya yi tsanani, komai a bushe yake a ido.

Makonnin farko katakan suka fara tsukewa, tsaguna suka buɗe a tsakaninsu. Kafintan ya dawo ya cike su da garin katako da gam, ya ƙara matse abin da ya saki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, don kuwa ya toshe ɗan sararin da ya rage wa katakon. Da ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, danshi ya biyo siminti ya shiga katakon ta ƙasa, sama kuma banish ya rufe. Ya kumbura, bango ya hana shi motsi, sai ya yi sama.

Tsohon kafinta daga Sokodé

Wani abokin aikina a lakwal ya ba ni labarin wani dattijon kafinta a Sokodé wanda ya yi aikin gidajen bene a Lome shekaru da yawa. Na hau mota daga Langabou na same shi, na roƙe shi ya zo ya duba. Da ya iso bai ko kalli katakon ba. Ya zagaya bayan ɗakin, ya tsaya inda ruwan kwano ke zuba a gindin bango, ya tona ƙasa da sandarsa. Sannan ya shiga ya sa aka ɓamɓare katako biyu, ya shafa simintin da bayan hannu, ya nuna mini.

Na ce, "Baba, ko katakon ne ba shi da kyau?"

Ya ce, "Mushe, katakonka lafiyarsa ƙalau. Kai ne ka kwantar da shi a kan rijiya, ka kuma ɗaure masa hannu da ƙafa. Maginin da ya zuba maka daɓen nan ya sa leda a ƙasa?"

Na ce ban sani ba. Ya yi dariya ya ce, "To bai sa ba."

Siminti ba dutse ba ne

Yawancinmu muna ɗauka in siminti ya sandare shi ke nan, ruwa ba ya ratsa shi. Ba haka ba ne. Cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ruwa na hawa ta cikinsu kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Danshin daɓe daga wuri biyu yake fitowa.

Na farko, ruwan da aka kwaɓa shi da shi. Bari mu yi lissafi irin na aji. Ɗaki mai mita 4 sau 4, kaurin daɓe santimita 10, ya ci kankare mita 1.6 na murabba'in ciki. Kowace mita guda na shan ruwa wajen lita 180, in ma magini bai ƙara ba don aikin ya yi masa laushi. Ka ga an doshi lita 300 ke nan, jarka 25 har goma sha biyu. Wani kaso siminti ke haɗewa da shi ya yi ƙarfi, sauran dole ya fita ta sama a hankali. Kwana 28 da magina ke faɗa na ƙarfi ne, ba na bushewa ba. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce a ba kowane santimita 2 da rabi na kauri kimanin wata guda, wato daɓen santimita 10 na son wata huɗu ko fiye.

Na biyu, ruwan ƙasa. Wannan ba ya ƙarewa. In ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe tun ranar zubawa ba, duk damina simintin zai riƙa tsotsar danshi yana fitarwa cikin ɗaki. Muddin a buɗe yake, iska na kwashewa, ba ka lura. Ranar da ka rufe shi da wani abu, ranar za ka san yana numfashi.

Gwajin da dattijon ya koya mini ba ya cin ko sisi. Ka yanko farar leda mai faɗin rabin mita, ka shimfiɗa a kan simintin, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka yi haka a wuri uku: tsakiyar ɗaki, kusurwa, da jikin bangon da ruwa ya fi duka. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka ɗaga. In ka ga raɓa a jikin ledar, ko wurin ya fi sauran duhu, daɓen bai shirya ba. Kuma a damina ake wannan gwaji. Wanda ya yi shi a watan Janairu ya ruɗi kansa ne kawai. Nawa kuwa, da muka ɗaga leda ta uku har ɗiga take.

Saboda haka aikin farko a waje aka yi shi. Muka sa indararo ya kwashe ruwan kwano zuwa tanki, muka cike gindin bango da jar ƙasa aka daɓe ta da gangare, muka yi ɗan magudani ya bi da ruwa bayan gida. Wannan kaɗai ya rage gumin ɗakin kafin a taɓa katako.

Wane katako?

Mu a wannan yanki Allah ya hore mana tek. Ba ɗan ƙasa ba ne, asalinsa Indiya da Bama da maƙwabtansu. Jamusawa ne suka kawo shi Togo a farkon ƙarni na 20, kafin yaƙin 1914 ya kore su, kuma yankin Sokodé na cikin wuraren da aka fi dasa shi a zamaninsu. Bayan samun 'yancin kai, a 1971, gwamnati ta kafa hukumar ODEF mai kula da gandun daji na ƙasa, kuma duk wanda ya bi babbar hanya ta ɗaya tsakanin Blitta da Sokodé ya ga gonakin tek da manyan ganyayensu da ke zubewa da rani. A yau manoma da yawa na da nasu 'yan gonakin.

Abin da ya sa tek ya dace da daɓe shi ne yana da maiƙo a jikinsa, ba ya saurin ruɓewa, kuma kumburi da tsukewarsa kaɗan ne in an gwada da yawancin itatuwa. Amma akwai tarko. Zuciyar itacen, wadda ta yi launin zuma, ita ce gara ke shakka. Farin gefen nan da ke kusa da ɓawo abincinta ne. Tek ɗin da aka sare yana ƙarami fari ya fi yawa a jikinsa, shi ne kuma ya fi araha a kasuwa. A zubin farko kusan kashi ɗaya cikin uku na katakaina masu farin gefe ne, kuma da muka ɓamɓare mun tarar gara ta riga ta yi hanya a biyu daga ciki.

Loko ma na yi, kawo ma haka, sai dai tsada da wuyar samu. Malaina da farin katakon da ake kafa wa kankare, waɗannan a bar su, ba za su kai labari a ƙasa ba. Sai kuma madobiya, wadda masu katako ke kira tek na ƙarya. Kyakkyawa ce, mai ƙarfi, shi ya sa aka yi mata wawa ana lodawa zuwa Sin har ta kusa ƙarewa a dazukanmu. A 2016 gwamnatin Togo ta dakatar da sararta da fitar da ita na shekara 10, kuma tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin duniya. In wani ya kawo maka ita da daddare da farashi mai daɗi, ka bar masa kayarsa. Ko tek ɗin ma, ka saya a wurin mai takardar izinin sara, don jami'an gandun daji na tambaya a hanya, kuma ba daidai ba ne mu dasa bishiya ranar 1 ga Yuni tare da 'yan makaranta, sannan mu sayi ta sata a watan Yuli.

Akwai kuma wanda ake kawowa daga waje a kwali, mai hoton katako a sama, cikinsa kuwa garin itace ne da aka matse. Yana da saurin shimfiɗawa, amma in ruwa ya shiga bakinsa ya kumbura, ba ya komawa, ba a kuma goge shi a gyara.

Haƙurin bushewa

Dattijon ya zaɓi abin da zai ceto daga tsoffin katakan, muka ƙaro sababbi. Ya sa aka tsaga su faɗin santimita 10, kauri milimita 22. Ya ce katako mai faɗi ya fi kyau a ido, amma shi ya fi lanƙwashewa. Muka jera su a rumfa, nesa da ƙasa, kowane layi an raba shi da na sama da 'yan sanduna don iska ta ratsa, aka ɗora duwatsu a kai. Ba a shanya katako a rana, tsagewa yake yi. Bakunan ma sai da muka shafa musu fenti, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa.

Masu hali na da na'urar auna danshin katako. Mu ba mu da ita, sai muka yi dabara. Na ware guntu ɗaya, na rubuta masa lamba, duk ranar Asabar in kai shi kan sikelin mai shagon unguwarmu in rubuta nauyinsa a littafi. Makonnin farko nauyin na faɗuwa sosai, daga baya ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Da ya yi mako uku bai motsa ba, dattijon ya ce ya isa. Na mayar da abin darasi ga 'yan ajina, su suka zana mini jadawalin a allo. Bayan nan aka kai wurin inji aka goge, aka fitar wa kowane katako harshe a gefe ɗaya da kwari a ɗaya gefen, abin da kafintoci ke kira namiji da mace. Sannan aka shigar da su cikin ɗakin suka yi mako biyu a jere, su saba da iskar wurin da za su zauna.

Yadda aka yi aikin

Hanya uku ake bi a duniya: a liƙa katako da gam a jikin siminti, a shimfiɗa shi sake a kan wani abu mai laushi, ko a buga shi a kan sanduna. Liƙawa na son daɓe busasshe ƙarau da gam na musamman mai tsada. Mu muka ɗauki ta uku, wadda ta fi dacewa da kayan da ke hannunmu.

Da farko aka share simintin tas, aka ɗora dogon katako miƙaƙƙe mai mita 2 ana neman tudu da kwari. Inda bambancin ya wuce milimita 3 zuwa 5, tudu a sassaƙe, kwari a cike da siminti a jira ya bushe. Duk wata tsaga aka toshe ta, musamman inda daɓe ya haɗu da bango, don nan ce ƙofar gara. Aka zuba maganin gara na kanti a wuraren, aka bar ɗakin a buɗe kwana da kwanaki.

Sai aka shafe daɓen da kwalta mai ruwa, sau biyu. Da ta bushe warin ya tafi, aka shimfiɗa baƙar leda mai kauri irin ta gini, ba ta ƙullin kaya ba. Inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 20 a liƙe, gefuna kuma su hau bango da kamar santimita 10.

A kan ledar aka jera sandunan tek masu santimita 5 sau 5, waɗanda ake kira shebron, tsakanin kowace da 'yar'uwarta santimita 40. A ɗakinmu layi 11 ke nan, mita 44. Ƙarƙashin kowace aka sa guntayen tsohon tub na mota, don kada itace ya zauna kai tsaye a kan leda, kuma da su ake daidaita tsayi. Aka huda siminti aka ɗaure su da sukuru, kowane rami aka ɗiga masa kwalta kafin a murɗa, tunda an huda ledar. Dattijon bai bari sandunan su zama dogaye ɗaya daga bango zuwa bango ba, yakan bar 'yar kafa nan da can don iska ta zagaya a ƙasa. Kafintan farko ya so a shafa musu baƙin man mota, kamar yadda ake yi wa katakon rufi. Dattijon ya hana. Ya ce ɗakin kwana ne, tsoho zai riƙa sa goshinsa a wurin.

Daga nan aka fara jera katakan a gicciye, ana buga ƙusa a karkace ta cikin harshen, na gaba ya zo ya rufe ta. Tek na son a fara huda masa ɗan rami kafin ƙusa, in ba haka ba ya tsage. Mahaɗar katakai ba ta faɗawa layi ɗaya, ana saɓa su kamar jerin bulo.

Abu mafi muhimmanci shi ne sararin da aka bari a jikin bango, santimita 1 da rabi ta kowane gefe. Ga dalili. Katako ba ya ƙaruwa a tsawo sai ɗan abin da ba a lura da shi, a faɗi yake kumbura. Ɗakinmu na ɗaukar katako 40 a jere. In kowane ya ƙaru da rabin milimita kawai a damina, an samu santimita 2. In babu inda za su je, sama za su yi, kamar yadda na gani da idona. Wannan sarari ana rufe shi da ɗan katakon gindin bango, wanda ake bugawa a jikin bango, ba a jikin daɓe ba. Muka huda masa 'yan ƙofofin iska a wuri huɗu, muka liƙa ragar ƙarfe mai ƙananan ido saboda ɓera da kunama.

Kada a manta daɓen zai tashi da fiye da santimita 7. Sai da aka rage ƙofa, aka kuma yi ɗan gangare a bakinta don kada tsoho ya yi tuntuɓe. A ƙarshe aka goge da takardar yashi, aka shafa mai maimakon banish, saboda banish na da santsi ga mai jiƙaƙƙiyar ƙafa, kuma mai na barin katako ya yi numfashi. Tsummokaran da aka shafa man da su a shanya su a waje ko a jiƙa su da ruwa, don in aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya kama wuta da kansu. Wajen sayen katako kuma a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanke-yanke: ɗaki mai murabba'in mita 16 a sayi 18.

Pagala daban, Dapaong daban

Wani abokina da muka yi karatun koyarwa tare, yanzu yana Dapaong, ya ga hoton ɗakin ya ce zai yi irinsa. Na haɗa shi da dattijon a waya. Ya gaya masa cewa matsalarsa ba irin tamu ba ce. Mu nan damina na da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, abin tsoronmu kumburi ne. Can arewa rani ya fi tsawo, hunturu ya fi bushewa, abin tsoronsu tsukewa ne. In ya sayi katako a kudu ya buga shi da ɗuminsa, kafin Fabrairu zai ga tsagunan da dala za ta shige. Ya ba shi shawara ya kai katakon can ya yi rani guda a rumfa, ya kuma rage faɗinsa. Duk da haka kada ya matse shi a tsakiyar hunturu ba tare da sarari ba, don Agusta na zuwa can ma.

Mu kuwa mun buga namu a tsakiyar Nuwamban 2024, ruwa ya ɗauke, hunturu bai kankama ba, lokacin da katako ke tsaka-tsaki.

Zama da shi, da wanda bai kamata ya yi ba

Daɓen katako na da tarbiyyarsa. Ba a kwara masa bokiti a bi da tsintsiya kamar siminti. Shara, sai tsumma mai ɗan danshi. Buta ta tsaya a waje. In jika ya yi fitsari a wanke wurin nan take a tsane shi, kada a bari ya kwana. Kaskon turare da kurfoti sai a kan fale-falen dutse ko tayil. Sau ɗaya a shekara a sake shafa mai, duk farkon damina kuma a zagaya gindin bango ana neman hanyar gara.

Wannan faɗa tsakanin ruwa da katako ba a kanmu aka fara ba. A fadar Versailles ta Faransa, a shekarun 1680, an cire daɓen marmara aka sa na katako a manyan ɗakuna, saboda ruwan wankin marmarar na tsiyaya yana ruɓar da azarar da ke ƙasa. Na gaya wa Baba wannan, na ce ga shi mu Pagala da ake haƙar marmara a bayan garinmu mun bi sahun sarkin Faransa. Ya ce shi dai gwiwarsa ya sani.

Gaskiya ba kowa wannan aiki ya dace da shi ba. In ruwa na shiga ɗakinka in an yi mamako, ko daɓenka na ƙasa da tsakar gida, ko kana kusa da fadama, kada ka fara. In gidan haya kake, ka yi ɗan dandamalin katako mai ƙafafu da za ka iya ɗagawa ka shanya, ka tafi da abinka ranar tashi. Madafa da banɗaki kuwa tayil ne nasu. Wanda kuma yake shirin gini yanzu, ko bai da niyyar katako, ya tsaya a kan magininsa a sa leda kafin a zuba daɓe. Kuɗinta bai kai na buhun siminti biyu ba a ɗaki irin namu, ni kuwa rashinta ya sa na biya aiki sau biyu.

Damina guda cur ta wuce a kan sabon daɓen. A watan Agusta na ɓamɓare katakon gindin bango a kusurwa ɗaya na auna: sararin ya ragu da wajen rabi, babu abin da ya ɗaga. Da hunturu ya shigo 'yan siraran tsaguna suka bayyana, kamar yadda dattijon ya faɗa, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in cike su. Littattafan Baba sun daina wari. Shi kuma ya naɗe tabarmar robar ya ba yara, buzunsa kawai yake shimfiɗawa.

Ran nan na shiga gaishe shi da safe, na ce, "Baba, ya ɗakin?"

Ya buga katakon da tafin hannu ya ce, "Malam, wannan karon ka yi karatu kafin ka shiga jarrabawa. Allah ya yi albarka."